Maganar da Bilkisu Ta Riƙe

Yaya Sani, ka tuna abin da ka faɗa a zaure ranar da Inna ta rasu?

Bari dai in gaishe ka tukuna. Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zafin Legas? Ya Anti Rabi da yaran? Mu nan Kusada lafiya, gero ya yi kyau.

Kan ƙanwarmu Bilkisu nake maka magana. Tun rasuwar ta daina cin abinci sosai, ta daina tsokanata. An yi rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Da na ji malamar ba da shawara ta makarantarsu tana zama da ita, har tsaki na yi. Ashe ni ne wawan. Wata biyu matar nan tana saurarenta, sannan ta kira ni.

Bilkisu aka aika Kankia sayo magani ranar, mota ta yi mata wuya. Tana shigowa ta ji ka ce, "Da an kawo maganin da wuri." Shekara guda yarinyar nan tana ganin ita ta kashe Inna! Malama ta ce mani, "Na yi nawa, amma ba bakina take jira ba, na yayanta Sani ne."

Na san baƙin ciki ne ya sa ka. Amma gaban mutane ka faɗa. Ka gaishe da kowa, ka sa ta a addu'a. Ranar Juma'a zan tara 'yan gida in kira ka, in buɗe murya. Ka gaya mata gaban kowa: laifinta ne ko kwana ne ya ƙare?

Ƙanenka,
Mansur