Faifan Ofis a Cikin Akwatin Gado

Assalamu alaikum Baba Inuwa. Don girman Allah ka taimake ni, ka daure ka karanta takardar nan har ƙarshe ko da ta yi maka tsawo. Na ga kana amsa wa masu matsalar kwamfuta, kana kuma amsa wa masu matsalar gida. Tawa ta haɗa biyun, ban san ta inda zan kama ta ba.

Yau wata uku da rasuwar yayana, zan kira shi Ja'afar. Mota ce ta buge shi a kan babur yana dawowa daga Ajingi. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya sa ni makarantar koyon kwamfuta. Yana aiki da wata ƙungiyar manoma mai ofis a nan Gaya da reshe a Ajingi, kuma shi kaɗai ke kula da na'urar da duk imel ɗin ma'aikata ke bi ta cikinta, wadda suke kira saba. Wani shirin tallafi ne ya bar musu ita. Bayan sadakar arba'in shugabannin suka zo gida suka ce sun ba ni gurbinsa, don kada abincin gidan ya yanke. Kowa ya yi ta sa musu albarka. Ni kuwa na sunkuyar da kai na karɓa, alhali abin da na iya bai wuce buga takarda da fitar da ita ba. An ɗauka tunda ciki ɗaya muka fito, abin da ke kansa yana kaina, ni kuma kunya ta hana ni cewa a'a.

Sati biyu da suka wuce imel ya tsaya cak. Da na duba sai na ga faifan sabar ya cika maƙil. Ba wasiƙun mutane ne suka cika shi ba, wasu ƙananan fayiloli ne, dubbai, girmansu ɗaya, sunayensu duk lambobi, waɗanda ake kira log. Na goge tsofaffin hotunan taro, sabar ta ɗan samu wuri ta tashi. Bayan kwana huɗu ta sake cika. Yanzu ba abin da ya rage da zan goge, ga shi lokacin da ake turo sunayen manoman ƙauyukan Balan da Kademi da za a ba iri ya zo. Wani mai shagon kwamfuta ya ce in zaɓi fayilolin log ɗin duka in goge, wai shara ce. Na zaɓe su, har na ɗora yatsa, sai idona ya kai kan kwanan watan wanda ya fi tsufa a cikinsu. Juma'ar ƙarshe ce da Yaya ya zo aiki. Tun daga ranar suke taruwa ba wanda ya sani. Na janye hannuna, na kulle ƙofa na yi kuka har ya ishe ni.

A durowarsa na tsinci wani ɗan littafi. Kowace Juma'a ya rubuta kwanan wata, a gefe kuma ya rubuta cewa an yi kwafi. Shekara huɗu bai tsallake sati ko ɗaya ba. To a ina yake yin kwafin? Amsar ta zo mini a taron ma'aikata. Sakataren ƙungiya ya miƙe ya ce a cikin kayan da aka damƙa wa ofis akwai wani ƙaramin faifai mai igiyar waya da ake jonawa da sabar don yin kwafi, an neme shi ko'ina ba a gani ba. Ya ƙara da cewa wasu sun mai da ofis kamar gidan ubansu. Bai kama suna ba, amma duk wanda ke wurin ya kau da kai daga inda nake zaune.

Baba, na san inda faifan yake. Bayan sadakar bakwai, Baffa Da'u, ƙanin mahaifinmu, ya tattara kayan Yaya: waya, agogo, takardun gona, da duk abin da ke cikin jakar da yake ratayawa. Ya zuba su a akwatin ƙarfe, ya kulle a gaban shaidu, ya ce ba mai buɗewa, domin matar Yaya, Zuliha, tana da ciki, ba za a raba gado ba sai ta sauka. Da idona na ga an saka wani baƙin abu mai waya, bai wuce girman sabulun wanka ba. A lokacin na ɗauka abin cajin waya ne.

Idan na faɗa, za a ce Ja'afar ya kwashi kayan ofis ya kai gida, kuma ƙanwarsa ce ta tona shi. Ka san garinmu, kafin la'asar maganar ta kai Ajingi. Mutumin da ba ya nan balle ya kare kansa. Zuliha tana cikin takaba, ko abinci sai an lallashe ta take ci, da wane baki zan gaya mata? Baffa kuwa mutum ne mai zafi, yana iya cewa ya cire ni daga cikin zuri'a. Idan kuma na yi shiru, sabar za ta mutu a hannuna, kuma kayan da ba namu ba zai shiga rabon marayu.

Ga wadda ban taɓa gaya wa kowa ba. Ni ma na zarge shi. Kwana uku ina tambayar kaina ko sayarwa ya yi niyyar yi. Mutumin da ya sayar da tunkiyarsa ya kai ni makaranta, shi na zarga. Wannan ta fi komai ci mini rai. In goge fayilolin in huta? In yi magana? Ko in ajiye musu aikinsu in koma gida?

Ƙanwar Marigayi, daga Gaya

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan yayanki, ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri.

Da farko, cire yatsanki daga kan fayilolin nan. Ba shara ba ne. Duk wasiƙar da ta shiga ko ta fita, saba takan fara rubuta ta a cikinsu kafin ta kai ta babban rumbunta. Idan aka yi cikakken kwafi ya kammala, ita da kanta take share waɗanda ta gama da su. Kwafin ne ya tsaya, shi ya sa suka taru. Idan kika goge su duka, har da sababbin da ba ta gama da su ba, rumbun na iya ƙin buɗewa gaba ɗaya, ki wayi gari da matsalar da ta ninka ta yau.

Kuma gyaran sabar ba ya jiran akwatin Baffa. Ki je wurin Sakatare gobe, ki gaya masa gaskiya cewa wannan ya fi ƙarfin iliminki. Ba abin kunya ba ne, ba a gadon sani. A samo wani faifan da ba komai a cikinsa, a kira wanda ya san sabar imel, ba mai shago ba. Shi zai tsayar da ita, ya tabbatar rumbun ya rufu lafiya, ya kwashe tsofaffin fayilolin zuwa sabon faifan, kwashewa ba gogewa ba, sannan ya tashe ta ya yi cikakken kwafi. Ki zauna kusa da shi da biro da takarda, kuma kada ya tafi sai kin yi kwafin da hannunki a gabansa.

Yanzu maganar Ja'afar. 'Yata, na shekara talatin ina wannan aiki, kuma abin da nake fara koya wa kowa shi ne kada a bar kwafi a ɗaki ɗaya da na'ura. Gobara ko ɓarawo ko tsawa, idan suka zo duka biyun za su ɗauka. Mai kula na gari yakan yi kwafi ya fita da shi. Abin da yayanki yake yi ke nan kowace Juma'a, kuma littafinsa shaida ne. Mai niyyar sayar da abu ba ya dawo da shi ofis sati-sati har shekara huɗu. A yau ɗin nan, faifan da ke cikin akwatin shi ne kaɗai kwafin da ƙungiyarku ta mallaka. Idan ya dawo, kada a rubuta komai a kansa.

Ban wanke shi tas ba. Ya yi kuskure da bai gaya wa kowa ba, bai kuma koya wa kowa ba, ya ɗauka kullum yana nan. Dukkanmu haka muke. Sakatare yana da hakkin neman kayan ofis, sai dai ya yi gaggawar baki. Baffanki ma ya yi daidai da ya kulle kayan marayu, kuma tsoron Allahn da ya sa ya kulle shi ne zai sa ya buɗe, domin amanar wani ba ta shiga gado. Ki fara da shi, ke da shi kawai, da littafin a hannunki. Ya kira shaidun nan, a fito da faifan shi kaɗai, shi da kansa ya kai ofis. Ki roƙi Sakatare ya yi bayani a irin taron da ya yi maganar farko. Zuliha kuwa ki gaya mata da bakinki kafin ta ji a bakin wani, ki fara da cewa mijinta ya riƙe amana.

Zargin da kika yi masa, baƙin ciki ne da rashin sani. Ki nemi gafarar Allah, ki yi masa sadaka, ya wuce. Kada ki ajiye aiki.

Shirunki ba ya kare sunansa, yana barin zargin ne ya zauna daram. Abin da ke cikin Zuliha ba zai taɓa ganin ubansa ba, sai abin da mutanen gari suka gaya masa a kansa. Ke kaɗai kike da damar gyara abin da za a gaya masa, kuma gobe ya kamata ki fara.

Allah ya sauki Zuliha lafiya, ya raya abin da Ja'afar ya bari, ya sanyaya miki zuciya.

Baba Inuwa