Baba na jiran jirgin feshi, ni na hana shi zuwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ɗan wani ƙauye ne a gefen Guri. Ina aiki da wata ƙungiyar ƙasashen waje mai kare namun daji, ɓangarena tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su sauka a fadamarmu. Mu ƙirga su, mu sa musu zobe a ƙafa, mu sake su. Da na samu aikin, na ce wa Baba aikin tsuntsaye ne. Shi kuwa manomin shinkafa, tsuntsu ɗaya ya sani, jan-baki, mai cinye gona kafin ka juya. Sai ya ɗauka kashe su nake. Ya ce, "Madalla, karatun boko ya yi rana." Ban gyara masa ba. To me zan ce? In ce ana biyana in lallaɓa agwagin Turawa?

Bana jan-baki suka sauka, aka fara maganar turo jirgin feshi. A taron da aka yi a Haɗeja, ni na miƙe na nuna maganin zai zuba a ruwa ya kashe kifi da tsuntsayenmu. Gaskiya na faɗa, ko yanzu ba zan janye ba. Aka cire yankinmu daga wuraren da za a yi feshin. A ofis aka yi ta yaba mini, har aka ba ni aiki a reshensu na waje. Baba kuwa yana tsakiyar gona yana kaɗa gwangwani, muryarsa ta dishe, yana ce wa maƙwabta, "Ku kwantar da hankalinku, yarona na ciki, jirgi na tafe." Abin da ya girbe ko na ci bai kai ba. Haushina, a ofis ba wanda ya taɓa tambayata ya shinkafar ta ƙare.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya ɗaga hannu a gaban ƙannensa ya ce, "Wanda ya hana mu feshi, Allah ya isa, kada ya ga alheri a aikinsa." Kowa ya shafa. Ya juyo gare ni, "Kai bakinka ciwo yake?"

Na ce amin.

Wata mai zuwa zan tashi, Baba sai sa mini albarka yake. In faɗa masa in rasa albarkar, ko in hau jirgi da bakin mahaifina a kaina? Me zan yi?