Curin da Ba Ya Nutsewa

Daga Sarkin Ruwan Selinge, Bamoye Karabenta, zuwa ga Sidiki Jenepo na tungar tsallake.

Bayan sallama da tambayar gajiya. Labari ya iso mana cewa ka ƙirƙiro wani curin ƙugiya: dusar shinkafa da zuma da garin gyaɗa, sannan ka murmushe farin soson akwatin ƙanƙara a ciki don curin ya tsaya saman laka. An ce karfasa na bin sa har suna ture juna. Madalla. Amma wanda ya suɓuce daga ƙugiya ba ya nutsewa, iska ke kora shi gaɓarmu, inda agwagi da yara suke. Mun hana daga yau. Amsarka ta biyo Madu mai jirgin ƙanƙara, shi ya kawo wannan. Kuma an ce tumbinka ya ƙaru, a rage shayi. Wassalam.

Zuwa ga Sarkin Ruwa, Allah ya ja zamaninka.

Ina gaisuwa gwiwa a ƙasa. Baba, na san bakin da ya kawo maka wannan magana. Lasina ne, ɗan ƙanwata da ke zaune a gidana can gaɓarku. Shi ya aiko min kwanan baya wai 'yata Tene na tsintar curin tana ci. Yaron nan bara ya ce min jirgina ya nutse, na yi gudu ba takalmi har bakin ruwa, na tarar da jirgin a ɗaure shi kuma yana birgima don dariya. In ya ce min gari ya waye sai na leƙa waje.

Soso ba guba ba ne, Baba. Ni kaina na ɗanɗana, ga ni lafiya. Ƙasan wajenmu laka ce zalla, curin da ba soso haɗiye shi take kafin kifi ya gani. A yi min haƙuri zuwa ƙarshen kaka. Ga karfasa biyu manya na ba Madu, a sa wa iyali a miya. Ɗanka, Sidiki.

Daga Sarkin Ruwa zuwa ga Sidiki.

Sallama. Kifi ya iso, an gasa, mun ci mu kaɗai. Shi Lasina yaron kirki ne, duk tafkin nan ba mai kyansa, a daina zaginsa.

Yanzu ka saurara. Agwagin matarka Sitan uku sun mutu. Da aka fede ɗaya, ƙundunta cike da fararen ƙwayoyi, ko ɗaya bai narke ba. Kai ka ɗanɗana da bakin babba ka tofar. Tene shekararta uku, zuma ta ji, ba ta san soso ba. Ranar Talata cikinta ya kumbura, bayan gida ya tsaya, ta wuni tana amai. Sitan ta goya ta zuwa asibitin gari. Jiya abin ya fara fita, fari fat kamar yadda ya shiga. Likita ya ce da ta ƙara, sai an tsaga cikin. Sitan ba ta aiko maka ba, ta ce kai da sosonka ku ji da juna.

Iskar nan har yau daga wajenku take busowa. Da safe an tsinci curin nan cikin ƙwarya guda a gaɓa. Wassalam.

Zuwa ga Sarkin Ruwa.

Gaisuwa. Baba, na ji. Na haƙa rami na binne duk curin da ya rage, har wanda na sayar wa maƙwabta na bi na karɓo. Zan koma ɗaura ɓargon kara a zare don ya ɗaga ƙugiya kamar kowa, ko kifi ya ragu. Ranar Juma'a zan zo fadarka da goro da zakara, in durƙusa gaban dattawa in faɗi abin da na zuba a ruwanka. Daga nan in wuce gida. Sidiki.

Kawu, ina wuni.

Don Allah kar ka je fadar nan. Baba Karabenta bai san komai ba, ko sunan sosonka bai taɓa ji ba. In ka durƙusa gabansa kai ka kai ƙarar kanka, kuma ka san shi, sai ya karɓe ƙugiyoyinka shekara guda. Ni ne Lasina. Ni na rubuta duka biyun a gindin mangwaro, da tawadar allona, Madu na min gadi.

Na faɗa maka da sunana ka ce ƙarya ce, shi ya sa na ari na manya. Maganar Tene gaskiya ce, wallahi ko kalma ban ƙara ba. Yau ta sha kunu, tana tambayar yaushe jirginka zai zo. Ka taho gida kai tsaye da zakaran, ita ya kamata a yanka wa.

Kifin ya yi daɗi. In dukana za ka yi, a taimaka kar a zo da gorar tuƙi.

Ɗanka, Sarkin Ruwa mai murabus.