Lambar da Mama ta bar wa Baba

Litinin, 3 ga Maris

Na samu Baba a teburin cin abinci, tabarau a kan hanci, yana ta raba lambarsa: 100,160,063. Mama ce ta rubuta masa ita a bayan takardar magani, mako guda kafin rasuwarta. Shekara talatin suna koyar da lissafi a makaranta ɗaya, wasiyyar kenan: ya gano ko lambar tana rabuwa, ko kuwa tana cikin waɗanda yake kira "masu taurin kai", waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu. Wasu matan zobe suke bari.

Laraba, 5 ga Maris

Ya sake yi mini bayani kamar ban yi digiri ba. Ƙarshenta uku ne, don haka biyu da biyar sun fita. In ka tara alƙalumanta sha bakwai ne, uku ma ta fita. Daga nan sai bin masu taurin kai ɗaya bayan ɗaya, biyu kullum, da fensir. Yau ya kai ta dubu, 7,919. Rabon ya bar ragowar 551, ba ta rabu ba. Sai murna yake. Na ce waya za ta gama wannan kafin shayinsa ya huce. Ya ce, "Uwata, waya ta san mamanki?"

Asabar, 8 ga Maris

Na duba. Ban yi niyya ba, ina layin wankin mota ne. 10,007 sau 10,009. Tana rabuwa, amma sai a can ƙarshen hanya, a gwajin da ba wani bayansa. Da gangan Mama ta haɗa su. Ta san mijinta: in ba aiki a gabansa, ba zai sauko daga gado ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Saura gwaji ɗari biyu da ashirin da biyu. Wata huɗu ba kaɗan. Sannan fa?

Talata, 11 ga Maris

Yaya ya kira, wai in faɗa masa kawai, wannan abu ya zama ciwo. Yaya da ke zuwa sau biyu a shekara. Na tuna masa watan farko bayan rasuwar Mama, lokacin da Baba bai ko aske gemu ba, sai ya sauya magana.

Da yamma Baba ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kin duba, ko? Fuskarki irin ta ɗaliban da suka leƙa amsa. Riƙe abinki."

Juma'a, 14 ga Maris

Na sayo masa fensir dozin guda, sun yi araha ne. A ofis kuma na zaɓi masu taurin kai biyu, manya, na ninka su da hannu, don kawai in ga ko har yanzu na iya. Sau uku ina kuskure. Takardar tana cikin jakata. Rubutuna bai kai na Mama kyau ba.