Rinin Gashin Kawunku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga babbar 'yata, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yaran, ya kuma sassauta miki wahalar aikin asibiti. Kin ce tsayuwa ta fara kumbura miki ƙafa. Ki riƙa ɗora ta a kan filo idan kin dawo, ki kuma ajiye takalman nan masu tsini da na gani a hotonki, uwar 'ya'ya uku ba ta da abin yi da su. Mu nan muna nan da sauƙi. Hawan jinina ya ɗan sauka ya sake hawa, likita ya ƙara mini ƙwaya. Ƙanwarki ta warware bayan haihuwa, jaririn sai ƙiba yake yi. Rufin ɗakin baya har yanzu yana yoyo, Auta ya ce zai hau ya gyara, kullum gobe zai hau.

Na zaɓi in rubuto ne maimakon waya, domin a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana, kuma na san matar kawunku ta riga ni zuwa kunnenki. Ki zauna ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci. Na gaji da bayani, wannan ne na ƙarshe da zan yi wa kowa.

Kin san tun kina sakandare kawunku yake shugaban matasan unguwar nan, har sunansa na gaskiya ya ɓace, yaro da babba sai dai Ciyaman. Kin kuma san nawa aikin a wannan mulki. Duk bayan mako biyu zai zo da la'asar, ya zauna a kujerar roba a barandata, ya rataya tsohon tawul a wuya, in dama rinin da kike aikowa a ƙaramin kwanon nan mai tsaga, in bi kansa da gemunsa da tsohon buroshin haƙori. Ba ya yarda mai aski ya yi masa, wai bakin masu aski ba shi da murfi. Kafin rinin ya kama sai mu yi ta hira, ya ba ni labarin taro, in yi masa faɗa a kan shan sukari. Tun rasuwar mahaifinku ba ni da wata hira da nake jira kamar wannan. Shi ya tsaya mana lokacin da kowa ya ja baya, shi ya ɗauki Auta a shagonsa na buga riguna da fastoci da yaron ya gama difloma ya rasa aiki. Ki riƙe wannan a ranki, don ni ban manta ba.

To sai gwamnati ta fito da sabon tsarin matasa, aka yi ta karanta shi a rediyo safe da yamma. Wai daga yanzu matashi shi ne wanda bai haura talatin da biyar ba, kuma kowace unguwa za ta zaɓi wakili a cikinsu ya zauna a majalisar gari, a ji ta bakinsa kafin a yanke abin da ya shafe su. Ni ban ɗaga kai ba. Na ga irin wannan tsari ya zo ya wuce ba sau ɗaya ba, abin da yake bari a gidan nan riguna ne masu rubutu. Yanzu haka da wadda aka rubuta wa "Muryar Matasa" nake goge ƙasan kicin, kuma tana shan ruwa sosai.

Ina cikin ninke wanki Auta ya zo ya tsaya a kaina, ya ce zai tsaya takarar kujerar. Na ce kujerar wa. Ya ce ta matasa. Ya kawo maganar zauren nan na bayan asibitin unguwa, wanda aka cika da kekunan ɗinki da kwamfutoci aka rufe, ana jiran wani babban mutum ya zo ya buɗe. Makullin yana aljihun kawunku shekara da shekaru, kuma duk wanda ya tambaya sai ya ce ba a ba da umarni daga sama ba. Auta ya ce abokansa suna kan benci a bakin titi daga safe har yamma suna musun ƙwallo, biyu daga cikinsu sun kama hanyar ƙetare, har yau iyayensu ba su ji duriyarsu ba. Na ce masa duk na ji, amma ɗan da aka yi wa tarbiyya ba ya janye kujera daga ƙarƙashin kawunsa, balle kawun da yake ci a hannunsa. Sai yaron nan ya dube ni ya ce wai kujerar ba ta Kawu ba ce, ta yara ce, Kawu ya zauna ne ya manta da tashi. Saura kaɗan hannuna ya sauka a fuskarsa. Na yi kwanaki ba na amsa gaisuwarsa sai da ka.

Kawunku da farko wasa ya ɗauki abin. A shago yana kiransa mai girma ɗan takara, yana cewa a kawo wa ranka ya daɗe tsintsiya ya share ƙarƙashin inji. Har nasa fastocin na takara Auta ya sa ya buga masa, da wani hotonsa da ya ɗauka tun kafin aurenki. Ya je ya yo takardar rantsuwa cewa shekarunsa talatin da huɗu. Yaran unguwa ba su yi shiru ba, suka sa masa suna Matashin Dindindin, suka kai ƙorafi wurin kwamitin tantancewa. Kwamiti ya ce duk wanda ake jayayya a kan shekarunsa ya zo da babba daga danginsa. Kin san a ɗakinmu daga ni sai shi muka rage.

Ranar rini ya faɗa mini, kansa baƙi ƙirin da sabon shafi, idonsa a rufe don kada ya ɗiga. Ya ce Yaya ba sai na yi dogon bayani ba, za su tambaya ne in ce haka ne, shi ke nan. Na ce ya san halina. Ya ce kowa haka yake yi, na unguwar gaba da mu har jika gare shi. Can sai ya ce idan aka karɓe kujerar nan, da me za a riƙa kiransa a titi. Wannan maganar ta tsaya mini a ƙirji. Ban ce to ba, ban ce a'a ba, na ɗauko buta na wanke masa kai.

A wani ajin firamare aka yi zaman, a kan ƙananan bencinan yara, fanka ba ta aiki. Yaran unguwa sun cika tagogi. Shugabar kwamitin wata yarinya ce mai tabarau, ba za ta kai ki ba, amma da ladabinta. Zan gaya miki gaskiya, da niyyar cewa haka ne na fito daga gida, ina ta istigfari a hanya tun ban faɗa ba. Sai dai ba ta tambaye ni ko haka ne ba. Ta gaishe ni, ta tambayi ko ina da 'ya'ya, ta tambayi shekarun babba. Na ce talatin da bakwai. Ta dubi takardar gabanta, ta ɗago, ta ce cikin sanyin murya ashe ke nan 'yata ta girmi kawunta.

A nan ne na gan ki. Na gan ki cikin shuɗin yunifom ɗin da ya yi miki yawa, ranar farko ta makaranta, kina kuka a gaban kekensa, shi kuma yana lallashinki da alewa yana tuƙi da hannu ɗaya. Ban iya na haɗiye wannan ba. Na ce a'a, shi ya riƙa kai ki firamare a kan kekensa, kuma a lokacin har gashin baki ya fara fito masa. Iyakar abin da na faɗa ke nan, duk abin da aka ƙara miki a kai ƙari ne.

Tagogin nan suka fashe da dariya. Wani mara kunya ya ce a miƙo wa Kaka sanda. Na juya na wanke su tas. Na ce tsarin da ya ba su kujera bai ba su lasisin rashin kunya ba, mutumin nan da suke wa dariya shi ya sa aka haƙa kwatar da ta hana ruwa shiga ɗakunan iyayensu, shi ya sha zuwa ofishin 'yan sanda ya fito da yayyensu. Suka daina dariyar, amma abin da ya faru ya riga ya faru. Kawunku ya yunƙura zai tashi, gwiwarsa mai ciwo ta maƙale a bencin, sai da ya dafa bango. Ya ɗauki hularsa ya fita bai dubi kowa ba. Auta yana can baya, kansa a ƙasa. Shi dai bai yi dariya ba, wannan na shaide shi.

An yi zaɓe, Auta ya ci da ƙyar. Kada ki kira shi kina guɗa, babu abin guɗa. A zaman majalisa na farko kusa da ƙofa aka ajiye shi, aka ba shi dama ya yi magana a ƙarshe, lokacin da manya suke tattara wayoyinsu suna neman takalma. Ya dawo ya kwanta bai ci abinci ba. Kawunku ya aiko masa da makullin zauren ta hannun wani ma'aikacin shago, babu saƙo ko na kalma ɗaya. Da suka buɗe, ɓeraye sun cinye wayoyin kwamfutocin, kekunan sun yi tsatsa a cikin ledarsu. Auta da 'yan bencin nan suka yi ta fama da mai da tsumma har wasu suka tashi. Yanzu 'yan mata suna zuwa da rana, telar da ke maƙwabtaka da mu tana nuna musu yanka. Iyakar abin da aka samu ke nan daga duk wannan tashin hankali. Ba zan ce ba komai ba ne, don ina jin ƙarar kekunan idan na wuce, amma ni na san abin da na biya.

Shi ma Autan ban ƙyale shi ba. Shekaranjiya wasu samari suka yi sallama suna nemansa, wai Ciyaman suke kiransa, na ce babu mai wannan suna a gidan nan. Na zaunar da shi na ce kawunsa ma da zafin gyara ya fara, ni shaida ce, daɗin suna ne ya riƙe shi har furfura ta cim masa a kai. Na ce ranar da ya haura talatin da biyar, in ina da rai, da ƙafata zan je in faɗi shekarunsa ko ba a tambaye ni ba. Ya yi murmushi, ni ban yi ba.

Kawunku bai kore shi daga shago ba, sai dai ba ya masa magana, ko takarda yake so a miƙo sai ya faɗa wa wani ya faɗa masa. Gidana kuwa bai sake takowa ba. Na je har sau biyu, matarsa ta tare ni a ƙofa ta ce yana barci, alhali ina jin tarinsa da rediyonsa. Makon jiya na fito daga kantin magani na hango wani dattijo a tsallaken titi yana ƙoƙarin tayar da babur, gemunsa fari fat. Na ɗauka Babanmu ne ya dawo duniya, har yadda yake karkata wuya. Sai da ya juyo na gane ƙanena ne, wanda na goya. Ya gan ni. Ya ɗaga hannu bai kai rabi ba ya sauke, ya ja babur ɗinsa ya tafi. Na daɗe a tsaye da ledar magani a hannu.

Ga abin da nake so ki yi. Kada ki ƙara aiko da rinin nan, kwali biyu suna nan a kan kabad ban san yadda zan yi da su ba. A maimakonsa ki nemo masa man shafawa na gwiwa mai kyau, ki aiko da sunanki, ba da nawa ba. Ki kira shi a waya, ki ce masa Kawu, kada bakinki ya kuskure ki ce Ciyaman. Kada ki ɗauko maganar zaɓe, kada ki ba shi haƙuri a madadina, kada kuma ki ambaci keken. Ki tambayi ƙafarsa, ki ba shi yaran su gaishe shi ɗaya bayan ɗaya. Ke ba zai kashe miki waya ba.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki ce na gode da tabarau, da shi nake wannan rubutu. Ki gaida babban jikana, ki ce na ji labarin sakamakon lissafinsa kuma ban ji daɗi ba. Ki shafa mini kan 'yan biyu. Ƙanwarki da mijinta suna gaishe ku, haka Gwaggonku da telar maƙwabta. Auta ma ya ce a gaishe ki, ya tafi zauren tun safe, rufin kuma yana nan yadda yake.

Idan kawunku ya tambaye ki ni, in ya tambaya, ki ce masa kujerar roba tana nan a baranda, tawul ɗin na wanke na ninke. Ki ce furfura ma tana son a taje ta, kuma matajin yana hannuna.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce mahaifiyarki.