Abin da Na Tarar a Tse-Agber

Tse-Agber,
9 ga Nuwamba.

Matata Nguavese,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Yaya Sesugh da jarrabawa? Ni jiki lafiya, zuciya ce babu daɗi.

Na iso ran Litinin, mun binne Dattijo Ayila ran Talata. Amma abin da ya hana ni dawowa Gboko daban ne.

Kin tuna Mama Kwaghdoo, tsohuwar da takan aiko mana da doyar fari? Watan jiya jikanta ya rasu da zazzaɓi. Sai magana ta tashi wai ita ta cinye shi da maita. Ranar Lahadi da aka tashi daga sujada, mutane suka wuce gidanta kai tsaye, suka fito da ita tsakar gida suka yi ta duka, suka cinna wa ɗakinta wuta. Nguavese, ba baƙi ba ne. Mutanenmu ne, waɗanda na tsoma a ruwan baftisma da hannuna. Terver shugaban mawaƙa ne a gaba.

Na same shi a gona yana tugar doya. Na ce, "Terver, wa ya koya maka wannan?" Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Baba, kai waƙa ka koya mana. Ranar da mutuwa ta shiga gida, abin da kakanninmu suka koya mana shi muka sani."

Na juyo gida ina tunani. Shekara goma sha ɗaya na yi ina fasto a nan kafin mu koma Gboko. Mun ƙara wa majami'a tsawo sau biyu, ina ta murna da cikar kujeru. Amma ban taɓa zaunar da ko mutum biyar ba, mu buɗe Littafi tare, in ji tsoron da ke cikinsu. Ke kin sha gaya mini, ina cewa babu lokaci. Ubangiji ya ce mu almajirtar, ni kuwa taro na tara.

Na rubuta wa shugabannin ikilisiya su bar ni a nan, ko da wata shida ne. Ki aiko mini da kaya ta hannun direban Katsina-Ala, da maganin hawan jinina. Na san bai yi miki daɗi ba, ki yi haƙuri.

Jiya na je asibiti duba Mama. Hannunta ya karye wuri biyu, ido ɗaya bai buɗuwa. Na yi zaton za ta juya mini baya. Sai ta kama rigata ta ce, "Fasto, in na warke, ranar Jibin Ubangiji da waɗanda suka dake ni zan sha ƙoƙo ɗaya?"

Na ce mata mu yi addu'a, don ba ni da amsa. Har yanzu ba ni da ita, Lahadi kuma saura kwana biyu in tsaya a gabansu.

Ki gaida yara da matan zumunta. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Iorwuese