Malam, Ka Sauya Mata Suna Ka Bar Mata Yatsa

Zuwa ga Malam marubucin littafin gajerun labarai na samari da 'yan mata, wanda ake karantawa yanzu a makarantar jikata nan Kaura Namoda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka can Gusau. Ni ce Inna Yalwa ta bakin tasha, tsohuwar da kake kira Innarmu. Ban yi boko ba, ban iya ko rubuta sunana ba. Faɗi nake ana rubutawa, kuma na ce a kai takardar nan jarida, tunda abin da ka yi mani a bainar jama'a ka yi shi. Sau biyu ina aika maka ta hannun direban Gusau, shiru.

Na ɗaya. Shekarar da anka ba mu jiha, kana koyarwa nan garin, ka taho gidana da rikoda. Ka ce yaran yanzu ba su san yadda Kaura take ba lokacin da jirgi ke cika da gyaɗa da fata, kana son labarai daga bakin tsofaffi, gajeru, yadda matashi zai karance ɗaya kafin ya gaji. Na yi murna. Asabar nawa ka yi kana zuwa da hantsi, ina tankaɗe kana ɗauka? Na ba ka na mahaukacin raƙumin Shinkafi, na ba ka na mai awon da mudunsa ke da gindi biyu. Waɗannan duk ka sa su, an karanta mani, na yi dariya, Allah ya sani. Ko da ka gyara mani harshe ya koma irin na rediyo, ban damu ba.

Na biyu. Rannan ka tambaye ni hoton wa ke rataye a ɗakina. Na ce ɗiyata ce Hajara, wadda ake ce ma Cindo don yatsa shida gare ta a hannun hagu. Na faɗa maka tun tana ƙarama take kai mani hocen dawa tasha in jirgi ya shigo, tana kira, a ci da zafi a tuna gida. Har na kwaikwayi muryarta, na yi kuka, kai ma ka share ido. Na faɗa maka ta yi aure da wani mai gyaran layin dogo, mutumin Birnin Tsaba, anka ɗaura a zauren liman gaban jama'a. Ta haifi Luba, kuma sanƙarau ya ɗauke ta ba ta ko yaye ta ba. Duk yana cikin kaset ɗinka.

Na uku. To me ka rubuta? Labari na ƙarshe a littafin. Wai wata Delu mai tallan hoce, mai yatsa shida, mai kiran a ci da zafi a tuna gida, ta bi wani fasinja cikin jirgi, ta dawo da cikin da ba uba, ta haihu ta mutu cikin kunya. Har ka sa tambayoyi a ƙasa don yara su amsa: mene ne kuskuren Delu?

Malam, 'yan mata nawa masu yatsa shida sunka sayar da hoce a tashar Kaura? Ka sauya mata suna ka bar mata yatsa, ka bar mata kiranta. Duk wanda ya haura arba'in a unguwarmu ya gane ta, kuma 'ya'yansu ne a ajin Luba.

Na san abin da ya ja ka. Tunda anka ƙaddamar da Shari'a kowa na son labarin da zai ja kunnen 'yan talla. Ban ƙi ba, ni ma na yi kabbara ranar. Amma in wa'azi kake so ka yi, ka ƙirƙiro taka yarinyar mana. Me ya kai ka kabarin tawa?

Na huɗu. Luba shekararta sha huɗu. Ba ta san fuskar uwarta ba sai a hoto. Luba ce malamarsu ta tsayar ta karanta labarin ga aji, don ita ta fi iya karatu, malamar baƙuwa ce ba ta sani ba. Tana cikin karantawa wata 'yar ajin ta ce ai uwar Luba ce. Tun ranar, in ta wuce sai su ɗaga yatsu shida, wasu su ce a ci da zafi. Mako uku ke nan ba ta taka makaranta ba. Abin da ya fi ci mani rai, ta zauna gabana ta tambaye ni ko mutumin Birnin Tsaba da ke kawo mata gero lokacin kaka ubanta ne da gaske. Ta ce ai a littafi aka rubuta. Ka ga inda ka kai ni: bakina da na littafinka, naka aka ɗauka.

Mutane sun ce in kai ka gaban alƙali, wannan ƙazafi ne, kuma yanzu ƙazafi na da hukunci. Ubanta na raye, biyu cikin waɗanda sunka shaidi auren na raye. Ban je ba. Ka ci tuwona, ka kira ni Inna, kuma bulala a bayanka ba za ta maida Luba aji ba.

Ga abin da nake roƙo. Ka taho Kaura da ƙafarka, ka tsaya gaban ajin nan, ka ce ƙarshen labarin daga kanka ka ƙago shi. In za a sake buga littafin, ko ka cire shi, ko ka faɗi yadda Hajara ta rayu. Sannan ka maido mani kaset ɗina. Ina so Luba ta ji abin da na faɗa tun ba wanda ya zarge mu da komi, don ta san ba yau na gyara zancen ba.

Allah ya ƙara maka ilimi mai amfani, ya tsare naka 'ya'yan daga bakin mutane, ya ba ka ikon gyarawa tun ina da rai.

Wadda ta rubuta wagga takarda Luba ce. Sau uku tana ajiye biro, ina cewa ɗauki. Da munka zo wurin ɗaurin auren ta ce in sake faɗi, na sake, ta rubuta. Kayan makarantarta na wanke su, suna nan ninke bisa akwati. Kai muke jira.

Wassalam.
Inna Yalwa, uwar Hajara Cindo, bakin tasha, Kaura Namoda.